Yadda Ake Farfaɗo da Tsohon Ɗakin Goyo na Akori-kura

In ka bi manyan hanyoyin yammacin Amurka da bazara, daga Kolorado zuwa Aidaho har Montana, da wuya ka yi tafiyar awa guda ba ka haɗu da akori-kura ɗauke da wani ɗan ɗaki a bayanta ba. Ɗakin ba shi da taya, ba shi da inji. Ƙafafu huɗu gare shi masu aikin jak: a ɗaga shi sama, mota ta yi baya ta shige ƙarƙashinsa, a sauke shi cikin bodi, a ɗaure. Goshinsa yana leƙowa ta saman kan direba, kuma a cikin goshin nan gado yake. A gidanmu ɗakin goyo muke ce masa, don kuwa goya shi motar take yi.

Sabo yana da tsada ƙwarai, shi ya sa mutane da yawa suke neman tsoho a shafin saye da sayarwa na Craigslist ko kasuwar Facebook su gyara da hannunsu. Ni ma haka na yi. Na sayi wani na farkon shekarun 1990, mai ƙashin katako da fatar alminiyon, na kuma shafe watanni ina aikinsa a bayan gida. Abin da nake so ka riƙe tun daga nan shi ne abu biyu ke kashe irin wannan ɗaki ko su jefa mai shi cikin haɗari: ruwan da ya shiga bango, da nauyin da ya fi ƙarfin mota. Fenti da labule su ne na ƙarshe, ko da yake su ne ido yake fara so.

Fara da motarka

Kafin ka kalli hoton ɗaki ko ɗaya, buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar. A nan kamfani ya rubuta iyakar nauyin mutane da kaya da wannan motar taka za ta ɗauka. Ba ta maƙwabcinka mai irin sunanta ba, taka. Motoci biyu masu suna ɗaya suna iya bambanta da ɗaruruwan kilo saboda inji da girman gida.

Sai ka zauna da biro. Nauyin da aka buga a jikin ɗakin yawanci na ɗakin ne a bushe. Kai kuma za ka ƙara ruwa, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce, don haka tankin galan 30 zai ɗora maka kusan kilo 113. Tukunyar gas mai laba 20 in ta cika tana kai wa kilo 17. Ga batir, ga tukwane da abinci, ga ƙarafan ɗaurewa, ga ka, ga iyali. Ƙananan motoci irin su Ford F-150 galibi ɗakin da rufinsa ke ninkewa ƙasa suke iyawa da shi, irin na Four Wheel Campers. Manyan ɗakuna masu banɗaki, irin na Lance ko Arctic Fox, sai F-250 ko F-350 da takwarorinsu.

Za ka ji masu cewa ka sa jakar iska mai tallafe bodi ta ƙarƙashi ko ka ƙara sifirin, komai zai daidaita. Waɗannan suna ɗago bayan motar ne kawai. Ba sa ƙara wa birki ƙarfi, ba sa ƙara wa taya ko aksul. Ranar da kake gangarowa daga dutse da iyalinka a ciki, birki kake nema.

Ka auna bodi ma. Akwai mai ƙafa 8, akwai mai ƙafa shida da rabi. Ka auna tazarar da ke tsakanin tudun tayoyin nan biyu na cikin bodi, da faɗin bakin ƙofar baya, da tsayin kan motar daga kasan bodi. Motocin yanzu sun fi na da tsayi, don haka tsohon ɗaki kan zauna goshinsa na gugar rufin mota, sai an yi masa dandamalin katako a ƙasa.

Ranar da za ka je dubawa

Ka tafi da tocila, da tsani, da basilla ko siririn sukurdireba. In za ka iya samun 'yar na'urar auna laimar katako, ta cancanci kuɗinta. Katakon da laimarsa ta daɗe sama da kashi 20 cikin 100 yana kan hanyar ruɓewa.

Da ka buɗe ƙofa, tsaya ka shaƙa kafin ka kalli komai. Warin hunhuna ba ya ɓuya. In kuma ka ji an fesa turare ya yi yawa, ka tambayi kanka me ake rufewa. Daga nan ka hau gadon goshi, ka ɗage katifa, ka danna kusurwoyi biyun gaba da babban yatsa. Nan ne iska ke watso ruwa da ƙarfi in mota na gudu, kuma nan ne tagar gaba da ƙananan fitilun sama suke, kowanne da ramin da aka huda masa. Ka buɗe kowane kabad ka haska saman kusurwarsa. Ka taka daɓen ƙasa taku-taku, musamman bakin ƙofa.

A waje, ka kama kowace ƙafa ka girgiza. Ƙafar da ke motsi tare da bangon da aka ɗaure ta, katakon cikinta ya tafi. Ka nemi izini ka kwance kusa mai zare guda ɗaya daga ƙasan kusurwa. In ta fito fes, madalla. In ta fito ja da tsatsa, zarenta ya cinye, ko ta yi ta juyawa ba ta kama komai, ruwa ya daɗe a wurin. Ɗakin da fatarsa ta gilashin roba ce kuma, ka tsaya daga gefe ka kalli bango da hasken rana. Kumburi ko lanƙwasa alama ce gam ɗin da ya manne fatar da bango ya saki, kuma gyaran wannan ya fi na alminiyon wuya nesa.

Dattijon da ya sayar mini bai yi mini ƙarya ba. Ya ce shekaru ɗakin yana ajiye ƙarƙashin tamfol, bai taɓa ganin ɗigo a ciki ba, kuma na yarda da shi. Ruwan bai ɗiga a ciki ba, cikin bango ya bi. Ranar da na ɗaye fatar goshi ta hagu, na sa hannu na damƙi katakon kusurwa, sai ya marmashe a tafina, baƙi, da sanyi, kamar garin gawayin da aka jiƙa. Kusoshin suna nan rataye ba abin da suka riƙe. A kan wannan gadon na yi niyyar kwantar da 'ya'yana. Na daɗe tsaye ina kallon hannuna.

Yaushe za ka haƙura ka bar ɗaki? A ganina, kusurwa ɗaya ko biyu abin gyarawa ne. Amma in goshi ya sunkuya, daɓe ya yi laushi, ƙafafu uku suna rawa, wannan ba gyara ba ne, sabon gini ne, ko kyauta aka ba ka. Ka kuma tambayi takardu. A jihohi da yawa ana ɗaukar ɗakin a matsayin kaya ne, ba ya buƙatar lamba, wasu jihohin kuwa suna neman takardar mallaka. Ko ta yaya, ka karɓi rasit mai lambar jikin ɗakin da sa hannun mai sayarwa.

Saukewa da tuɓewa

Ka sauke shi a wuri mai tauri kuma miƙaƙƙe. Kada ka bar shi tsaye a kan ƙafafun nan huɗu kana aiki. Ka sauke shi ƙasa-ƙasa, ka tara masa katakai masu kauri ko dakali a ƙarƙashin daɓe, nauyin ya zauna a kansu. Ka kafa wa goshi ginshiƙai biyu kafin ka taɓa kusa ɗaya a gaba. Ka cire tukunyar gas, ka kwance batir, ka zubar da ruwan tanki. In babu rumfa, ka ɗaura tamfol sama da shi yadda iska za ta riƙa ratsawa.

Ɗauki hoto kafin ka kwance komai, ka sake ɗauka bayan ka kwance. Kusoshin kowane wuri a ledarsu, da rubutu. Yawancin kusoshin waɗannan ɗakuna masu rami murabba'i ne, don haka ka sayi bakin sukurdireba lamba 2 na irinsu, guda da yawa.

Ana tuɓe fatar alminiyon daga ƙasa zuwa sama ko daga sama zuwa ƙasa, ya danganta da yadda aka saƙala ta, amma da farko sai ka cire ƙarfen kusurwa da tagogi da fitilu. Kowane falle bakinsa yana shiga na kusa da shi, an kuma harbe shi da ƙananan kusoshi. Ka bi su ɗaya-ɗaya da haƙuri. Fallen da ya lanƙwashe ba ya komawa daidai, kuma samun irin zanensa yanzu wahala ne. Ka sa safar hannu, bakinsa reza ne. Ka sa takunkumi saboda hunhuna da audugar gilashin da ke cikin bango, da kashin ɓera in akwai. Shi kashin ɓeran a jiƙa shi da ruwan bilic kafin a kwashe, ba a share shi a bushe, domin a yammacin Amurka akwai cuta mai tsanani da ake shaƙa daga ƙurarsa.

Gyaran ƙashi

Nan ne aikin yake. Za ka yi mamakin sirantar katakon da aka gina ɗakin da shi, wani bai wuce kaurin yatsu biyu ba. Ƙarfin bangon ba daga katako ɗaya yake zuwa ba, daga haɗuwar ƙashin ne da filawud ɗin ciki da aka manne masa. Shi ya sa goshi yake iya rataye a iska ɗauke da mutum biyu: bangayen gefe ne ke riƙe da shi. In ka yanke dogon katakon da ya taso daga jikin ɗaki ya shiga goshi, ka haɗa shi baki da baki kawai, ka karya masa ƙashin baya.

Ka bi ruɓa da basilla har inda ta daina nutsewa, sannan ka ƙara kamar taƙi guda cikin lafiyayyen katako ka yanke a nan. Kada ka ji tausayin katakon da ya yi duhu amma yana da ɗan tauri. Kafin ka jefar da ruɓaɓɓen, ka shimfiɗa shi a kan kwali ka zana surarsa, musamman lanƙwasar goshi, domin shi ne ma'auninka. Ka yi gefe ɗaya ka gama kafin ka buɗe ɗayan, don wanda ke rufe ya riƙe maka siffar ɗakin.

Wajen haɗi, ka yanke tsoho da sabo a karkace su hau juna, ko ka goya musu wani katakon a gefe wanda ya zarce mahaɗar ta kowane ɓangare. Gam mai jure ruwa da kusa mai zare, su biyun tare. Ka fara huda rami kafin ka ɗaura, siririn katako ba ya jure tsagewa. Zuciya za ta ce maka ka sa katako mai kauri ko'ina don ya yi ƙarfi. Ka tuna sikeli. Kauri ɗaya da na asali ya isa, sai a wurare biyu: inda ƙafafu ke kamawa da inda ƙugiyoyin ɗaurewa suke. A nan ka sa katako mai tauri ko filawud ninki biyu, ka huda noti ya ratsa har ciki, ka tare shi da farantin ƙarfe. Waɗannan wuraren su ne ke ɗauke da ɗakin duka in yana sama, su ne kuma ke riƙe shi in mota ta faɗa rami.

Abu guda da ke ruɗar mutane: katakon da aka jiƙa da maganin hana ruɓa, mai launin kore-kore. Sai ka ga kamar shi ya dace. Amma maganin yana da tagulla a ciki, kuma in ya haɗu da alminiyon da laima yana cin sa har ya huda. In dole ka yi amfani da shi, ka raba su da leda ko tef mai kauri. Ni busasshen katako na sa, na shafe bakunansa da fenti.

Kafin ka rufe bango, ka bar shi ya sha iska kwanaki da fanka. Ka cire tsohuwar audugar gilashi, wadda ke riƙe ruwa kamar tsumma, ka yanka allon soso mai tauri ka cusa tsakanin katakai. Yanzu ne kuma lokacin jan sabbin wayoyi, tun bango yana buɗe.

Toshe ƙofofin ruwa

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Duk abin da aka huda wa rami a jikin ɗakin, taga ne, fitila ce, murfin iska ne a rufi, ƙofar ma'ajiyar gas ce, sai ka cire shi, ko da bai nuna alamar yoyo ba. Abin da ke tare ruwa na gaskiya yana ƙarƙashinsa ne, ba a gefensa ba. Wani tef ne mai danƙo kamar cingam da ake kira butil. Na masana'anta ya bushe shekaru da suka wuce.

Ka kankare tsohon da abin kankara na roba, ka goge wurin tas. Ka manna sabon butil a bayan bakin tagar, zagaye ɗaya ba yankewa, mahaɗarsa ta kasance a ƙasa. In fatar mai tudu da kwari ce, ka ƙara ninki a kwarin. Ka mayar da tagar, ka ɗaure kusoshi kaɗan-kaɗan kana zagayawa har ka ga danƙon yana fitowa ta ko'ina. Ka bar shi kwana ɗaya ko biyu, ka ƙara ɗaurewa, sannan ka yanke abin da ya fito. Bayan haka ne za ka bi saman da gefuna da gam na toshiya.

Shi ma gam iri biyu ne. Na kan rufi mai malala ne, yana bajewa da kansa ya lulluɓe kan kusoshi, kuma na kamfanin Dicor shi ne aka fi sani. Na jikin bango ba ya malala. In ka musanya su, na rufin zai zubo maka a bango. Dogayen mahaɗai na rufi kuwa, tef ɗin Eternabond yana yi musu kyau in an goge wurin sosai an kuma danne shi da ƙarfi. In rufinka na roba ne, kada fetur ko makamancinsa ya taɓa shi, kumbura yake yi.

Ina roƙonka, ka nisanci silikon ɗin banɗaki. Na tarar da shi an lafta a kowace mahaɗa ta ɗakina, gyaran gangar auzinawa. Yana saki daga gefe ya bar ruwa ya shiga, ya hana shi fita, kuma ba abin da ke kama wurin da ya taɓa zama, har shi kansa. Kankare shi ya ci mini kwanaki fiye da gina kusurwar.

In ka gama, ka sa mutum a ciki da tocila, kai kuma ka riƙa zuba ruwa da tiyo daga ƙasa kana hawa sama sannu a hankali. In ka fara daga sama ba za ka gane ta ina ya shiga ba.

Gas, wuta da ruwa

Gas ba wurin gwaji ba ne. Ka canja na'urar rage ƙarfin gas da tiyon robanta, ba su da tsada. A Amurka tukunya tana buƙatar a sake tantance ta bayan shekara 12 daga ranar da aka buga a wuyanta, kuma tsohuwar da abin murɗa bakinta ba mai kusurwa uku ba ne galibi ba za a cika maka ita ba. Ka shafa ruwan sabulu a kowace mahaɗa ka duba kumfa, sannan ka kai wa ƙwararre ya gwada layin duka da ma'auni. Wannan gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwantawa, don haka na'urar jin ƙamshinsa kusa da daɓe ake sa ta. Ita da ta hayaƙi da ta iskar nan mai kisa marar wari (kabon monoksaid), duka ka sayi sabbi, domin suna da wa'adi. Kuma kada a taɓa kunna risho don ɗumama ɗaki.

Tsohon firjin da ke aiki da gas, in ka ji warin amoniya ko ka ga garin rawaya a bayansa, ya mutu, kada ka kunna shi. In yana da rai, ka sani sai ɗaki ya daidaita yake aiki lafiya.

Wuta layi biyu ce: bolt 120 in an jona a sansanin masu ɗakunan tafiya, da bolt 12 daga batir. Ta 120 ka bar wa mai sana'ar in ba aikinka ba ne. A ta 12, ka bi waya-waya ka cire duk haɗin da aka murɗe da hannu aka naɗe da tef, ka sa fis dab da kan batir. Batirin lithiyom ya kai kusan rabin nauyin na dalma, amma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na daskarar ruwa, kuma tsohuwar na'urar cajin ɗakin ba lallai ta dace da shi ba. Canja ƙwayayen fitila zuwa LED shi ne gyara mafi arha da za ka ji daɗinsa tun daren farko.

Ruwa kuma, ka cika tanki, ka kunna injin famfo, ka rufe duk kawunan famfo. In injin famfon yana tashi da kansa jefi-jefi, akwai yoyo a wani wuri. Tsofaffin bututu masu launin toka ka maye su da bututun roba irin na PEX. Ka wanke tanki da bilic, kamar mililita ɗaya ga kowace lita, ya kwana, ka ɗauraye har warin ya tafi. Da hunturu ka zubar da ruwan duka ka zuba maganin daskarewa mai ruwan hoda, na ɗakunan tafiya, ba na radiyetan mota ba, wannan guba ne. Ni na ƙara ɗan famfo a waje ta gefen ƙofa don alwala, kuma shi ya fi komai rage laima a cikin ɗakin.

Ciki

Yanzu ka yi yadda ranka ke so. Ka goge kabad da sabulu mai cire maiƙo, ka ɗan goga takardar yashi, ka sa fentin share fage mai kama santsi, sannan launi mai haske. Ledar daɓe falle ɗaya ta fi tayil sauƙi da rashin nauyi. A ƙarƙashin katifar goshi ka jera siraran katakai iska ta riƙa wucewa, in ba haka ba numfashin masu barci zai taru ya jiƙa allon da ka sha wuyar canjawa.

Ɗorawa

Shimfiɗa tabarmar roba a bodi. Ka ɗaga ɗakin kaɗan-kaɗan, gaba ya riƙa ɗan fin baya tsayi, kada baya ya taɓa fin gaba, don nauyin goshi zai iya kifar da shi. Kada kowa ya tsaya kusa, yara su koma cikin gida. Mutum ɗaya ya tsaya inda kake ganinsa a madubi yana yi maka ishara. A jikin yawancin ɗakuna akwai alamar tsakiyar nauyi, kuma ya kamata ta faɗo a kan aksul na baya ko gabansa kaɗan. Ka ɗaure kusurwa huɗu da ƙarafan da suka kama shasin mota, irin na Torklift, ba bakin bodi ba. Ɗauri ya kama, amma kada ka matse har ka tsinke ƙugiyar daga katako.

Daga nan ka cika ruwa da gas da mai, ka loda kaya da mutane kamar ranar tafiya, ka nufi tashar manyan motoci mai sikelin auna mota na kamfanin CAT. Takardar da za su ba ka za ta nuna nauyin gaba daban, na baya daban. Ka gwada su da lambobin jikin ƙofa da na jikin taya. In ka haura, ka rage kaya ko ka tafi da rabin tanki ka cika a can.

Daren farko a ƙofar gida za ku kwana. Ka kunna komai, ka dafa shayi, ka bar ɗan murfin sama a buɗe, da asuba ka shafa kusurwoyi ka ji ko da laima. Tafiyar farko kuma ta kusa ce. Bayan kilomita 30 ko 40 ka tsaya a gefen hanya, ka taɓa ɗauri huɗun nan ɗaya bayan ɗaya, ka leƙa tazarar goshi da rufin mota, ka sa bayan hannu kusa da tayoyin baya ka ji zafinsu, sannan ka ci gaba.